Gidauniyoyin Kirifto da Kuɗin Agaji: Mabuɗin a Hannun Wa Yake?

A farkon watan Mayun 2022, wata ƙungiya mai rajista a Singafo, Luna Foundation Guard, tana da bitcoin sama da 80,000 a ajiye. An kafa ta a watan Janairun shekarar a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, aikinta kuma guda ɗaya ne: ta tallafi TerraUSD, wani kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet irin su bitcoin, duk ranar da ya fara tangaɗi, tunda an yi wa jama'a alkawarin cewa kullum darajarsa dala ɗaya ce. Kafin watan ya wuce tsakiya da nisa, ƙungiyar da bakinta ta sanar cewa bitcoin 313 suka rage mata. Dukiyar mutane ta kimanin dala biliyan 40 ta narke cikin 'yan kwanaki.

Da masu gabatar da ƙara na Amurka suka tashi tuhumar Do Kwon, shugaban kamfanin Terraform Labs da ya ƙirƙiro TerraUSD, cikin abubuwan da suka lissafa har da maganar wannan gidauniya. Sun ce ya gaya wa duniya cewa tana da majalisar amintattu mai cin gashin kanta, alhali shi ke juya ta kamar yadda yake juya kamfaninsa. An kama shi a Montenegro a watan Maris na 2023, aka miƙa shi ga Amurka a ƙarshen 2024, ya amsa laifin zamba a watan Agustan 2025, aka yanke masa shekara 15 a watan Disamba.

Ra'ayina a kan duk wannan fage shi ne, takardar rajista ba ta faɗin komai game da amana, haka shi ma bulokcen, kundin intanet da ake rubuta duk cinikin kirifto a ciki, wanda ake ta yabo cewa kowa na iya dubawa. Abin da ke raba gidauniya ta gaskiya da ta bogi shi ne a san wanda ke riƙe da mabuɗin sirri na lalitar kuɗin, wato lambar sirrin da sai da ita ake fitar da kirifto, a kuma san ko akwai wani mai ikon ce masa a'a. Hukumomi sun daɗe da gane hakan. Matsalarsu ita ce kusan kullum sai bayan kuɗin sun tafi suke samun damar yin tambayar.

Me ya kai gidauniya cikin harkar da kowa ya shigo don riba?

Abin ya samo asali ne daga garin Zug na ƙasar Suwizalan. A 2014 masu haɗa tsarin kirifto na Ethereum suka kafa gidauniya a can, suka sayar da kuɗinsu na ether tun kafin ya fara aiki, suka tara bitcoin da darajarsa ta kai kusan dala miliyan 18. Tsarin gidauniya a dokar Suwizalan yana da abin da ya ja hankalinsu. Ba ta da mai ita, ba ta da masu hannun jari, dukiyarta a ɗaure take da manufar da aka rubuta a takardar kafa ta, kuma akwai hukumar gwamnati da ke sa ido don kada a kauce wa manufar. Ga mutanen da ke cewa suna gina abin da ba na kowa ba ne, wannan ya dace da labarinsu. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: idan abin da mutane suka biya gudummawa ce ga gidauniya, to lauya zai iya cewa ba a sayar wa kowa da takardar zuba jari ba, don haka dokokin kasuwar jari ba su shigo ba.

Tezos, wani tsarin kirifton, ita ce ta kai wannan dabara ƙarshenta. A watan Yulin 2017 gidauniyarta, ita ma a Zug, ta tara kimanin dala miliyan 232. Sharuɗɗan sun ce abin da mutum ya bayar kyauta ce da ba a mayarwa, kuma babu tabbacin zai sami token, wato sabon kuɗin kirifton da za a fitar, a madadinta. To amma wa ke tura dubban daloli ga baƙin da bai taɓa gani ba don kawai yana son ci gaban kimiyyar kwamfuta? Kowa ya san riba ake hange. Ma'auratan da suka ƙirƙiro tsarin, Arthur da Kathleen Breitman, su ke da kamfanin da ya mallaki manhajar, kuma an tsara za su sami kasonsu daga abin da aka tara. Sai rikici ya ɓarke tsakaninsu da shugaban gidauniyar, Johann Gevers, aiki ya tsaya na watanni, masu "gudummawa" suka garzaya kotu a Amurka suna cewa su jari suka zuba. An sasanta a 2020 kan dala miliyan 25.

Idan aka ɗora wannan kusa da labarin Luna, akwai abin lura. A Tezos gidauniyar ta kasance mai 'yancin kanta da gaske, har ta kai waɗanda suka ƙirƙiro aikin ba su iya taɓa kuɗin ba, shi ya jawo cikas. A Luna babu wani cikas, domin babu kowa tsakanin mutum ɗaya da dukiyar. Masu zuba kuɗi sun fi jin haushin na farko a lokacin da yake faruwa, amma na biyun ne ya halaka su. Jinkiri da gardama a cikin majalisar amintattu sau da yawa alama ce ta cewa majalisar tana raye.

Hukumar kula da kasuwar jari ta Amurka, SEC, ba ta taɓa karɓar hujjar gudummawa ba. Ma'aunin da take amfani da shi ya fito ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1946 a shari'ar Howey, wadda aka yi kan gonakin lemo a Fulorida. Kotun ta ce a ajiye sunan da aka sa wa ciniki a dubi zahirinsa: idan mutane sun zuba kuɗi a wata harka ta haɗin gwiwa suna tsammanin riba daga ƙoƙarin wasu, to jari ne, ko da me aka kira shi. Da wannan ma'auni aka tilasta wa Telegram a 2020 ta mayar da sama da dala biliyan 1.2 ga waɗanda suka zuba jari a token ɗinta, ta kuma biya tarar dala miliyan 18.5. Dokar 1933 ta kasuwar jari ta Amurka ta yafe wa ƙungiyoyin addini da na agaji yin rajistar takardun da suke sayarwa, da sharaɗin kada ribar ta shiga aljihun wani. Amma yafiyar ta tsaya ne a kan rajista. Sashen da ya hana yaudara yana kan kowa, coci ne ko kamfani.

Wani fasto a birnin Denver, Eli Regalado, ya ga haka. A watan Janairun 2024 hukumar kula da jari ta jihar Kolorado ta kai shi ƙara tare da matarsa, kan cewa sun tara kimanin dala miliyan 3.2 daga mutane sama da 300, yawancinsu mabiya addininsa, ta hanyar wani kuɗi da suka ƙirƙira mai suna INDXcoin. Shi da kansa ya fito a bidiyo ya amsa cewa dala miliyan 1.3 sun shiga hannunsu, har an gyara gida da wani ɓangare, yana mai cewa umarni ne daga Ubangiji. Irin wannan zamba da ke bi ta cikin jama'ar da suka yarda da juna ta girmi kirifto nesa ba kusa ba. Abin da kirifto ya ƙara mata shi ne sauƙi: ƙirƙirar sabon token aikin 'yan sa'o'i ne, kuma mai shi na iya buɗe tasa kasuwar musayar inda shi kaɗai ke faɗin farashi.

Wani lokacin ma ko rajistar babu. NAC Foundation, wadda ta sayar da AML BitCoin a 2017 da 2018, kamfani ne na kasuwanci mai zaman kansa duk da sunan da ta ɗauka. Abin dariya shi ne tallar da aka yi wa kuɗin: wai an gina shi da fasahar hana halasta kuɗin haram. SEC ta kai ƙara a 2020, kuma a 2025 kotu a San Francisco ta sami shugabansa, Rowland Marcus Andrade, da laifin zamba da kuma halasta kuɗin haram.

Sai ɓarayin da ba su damu da kafa komai ba, su sunan bala'i kawai suke ara. Ranar 26 ga Fabrairun 2022, bayan Rasha ta afka mata da yaƙi, gwamnatin Yukren ta wallafa adireshin lalitarta ta bitcoin da ether a Twitter tana neman taimako, miliyoyin daloli suka shiga cikin 'yan kwanaki. Nan da nan adireshin bogi suka cika intanet da tutar ƙasar da hotunan yara. Haka aka sake yi bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023. Adireshin kirifto jerin haruffa da lambobi ne masu tsawo, babu suna a jikinsa, ido ba ya bambance na gwamnati da na ɓarawo. Wanda ya biya da katin banki yana iya kai kuka a dawo masa da kuɗinsa. Wanda ya tura bitcoin ba shi da wurin kai kuka, abin da ya tafi ya tafi. Ko kutsen da aka yi wa Twitter a Yulin 2020, lokacin da aka kwace shafukan Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, da harshen alheri aka yi shi: wai ana so a rama wa al'umma, ka turo dubu a ninka maka. A 2021 kuma aka ga yayin token na "agaji", irin su Save the Kids, wanda wasu taurarin wasannin bidiyo suka tallata da alkawarin taimaka wa yara, farashinsa ya rushe jim kaɗan bayan buɗe shi saboda manyan masu riƙe da shi sun zubar da nasu. A nan aikin hukuma a fili yake, kamawar ce mai wuya, tunda ɓarawon na iya zama a kowace nahiya.

Ɓangaren da ya fi ɗaure kai shi ne inda ƙungiyar ta gaskiya ce, aikinta na gaskiya ne, amma kuɗin da ta karɓa na sata ne. A nan labarin kasuwar musayar kirifto ta FTX ya zama darasi.

Mai FTX, Sam Bankman-Fried, ya gina sunansa a kan kyauta. Ya yi ta faɗa cewa yana neman dukiya ne don ya rabar da ita, ya jingina kansa da wata tafiya ta masu cewa a yi alheri da lissafi, a kai kowace dala inda za ta fi amfani. Asusunsa na FTX Future Fund ya yi alkawarin tallafin kimanin dala miliyan 160 a cikin 2022 kaɗai, ga masu bincike kan annoba da haɗarin ƙirƙirarriyar basira da makamantansu. A watan Nuwamban shekarar FTX ta durƙushe, ta bayyana cewa an kwashe biliyoyin daloli na masu ajiya an tura wa ɗaya kamfanin nasa, Alameda Research. Ma'aikatan asusun suka yi murabus a tare. An same shi da laifuka bakwai a Nuwamban 2023, aka yanke masa shekara 25 a Maris na 2024.

To ina makomar waɗanda suka karɓi tallafin? A dokar Amurka, idan kamfani ya karye, mai kula da ragowar dukiyarsa yana da ikon bin kuɗin da aka fitar cikin shekara biyu kafin karyewar, muddin an fitar da su ba tare da kamfanin ya sami wani abu daidai darajarsu ba alhali bashi ya riga ya fi ƙarfinsa. Dokokin jihohi sukan tsawaita wa'adin. Kyauta kuwa ita ce ainihin kuɗin da ake fitarwa ba a karɓi komai ba. Kyakkyawar niyyar mai karɓa ba ta cece shi, domin kariyar da doka ta tanada ta wanda ya ba da wani abu ce a madadin abin da ya karɓa. Akwai dokar 1998 da ta kare sadakar da mutum ya bayar har zuwa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, sai dai ta shafi ɗaiɗaikun mutane ne, ba ta rufe kamfani ba, kuma ba ta rufe kyautar da aka yi da nufin cutar masu bin bashi ba.

John J. Ray III, wanda ya taɓa kula da ragowar kamfanin Enron kuma aka miƙa masa FTX, bai ɓata lokaci ba wajen aika saƙo cewa a dawo da kuɗi ko a haɗu a kotu. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya amince ya mayar da dala 550,000. Jami'ar Stanford ta ce za ta mayar da kimanin dala miliyan 5.5. Ƙungiyar agaji ta Effective Ventures, wadda ke da rassa a Birtaniya da Amurka, ta biya dala miliyan 26.8, bayan hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta buɗe bincike a kanta. Waɗannan manya ne, suna da inda za su ciro. Ƙaramar ƙungiyar da ta riga ta biya albashi da kuɗin, ta ɗauki ma'aikata saboda alkawarin shekara mai zuwa, ita ta shiga halin gaba kura baya sayaki.

Ina ganin adalci ne a mayar, tunda kuɗin na masu ajiya ne da ba a nemi izininsu ba. Amma kada a wuce wani abu da sauri. Kyautar ta yi wa Bankman-Fried aiki tun kafin ta yi wa kowa. Ita ta buɗe masa ƙofofin 'yan majalisa, ita ta sa 'yan jarida suka sassauta tambaya. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗinsa ta ba shi aron mutuncinta, ko ta sani ko ba ta sani ba. Kuma alamun haɗari ba a ɓoye suke ba ga wanda ya so ya duba: kamfani mai hedikwata a Bahamas, babu majalisar daraktoci mai zaman kanta, dukiyar mai shi kuma babban ɓangarenta token ne da kamfaninsa ya ƙirƙira. Amintaccen da ya tambayi takardun binciken kuɗi a lokacin da za a ce masa ya cika tsaurin ido.

Shi ya sa bin ƙa'ida a wannan fage ya fi cike fom nauyi, ko da yake fom ɗin ma suna nan. Tun 2014 hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta ce kirifto kadara ce a wurinta, ba kuɗi ba. Wannan ya sa bayar da shi ya fi sayar da shi riba ga mai arziki: wanda ya riƙe bitcoin sama da shekara ya ba ƙungiyar agaji, ba zai biya harajin ƙarin darajar ba, kuma zai cire cikakken farashin ranar daga abin da za a caje shi haraji a kai. Inda akwai irin wannan rangwame dole a sami masu kumbura lissafi. Don haka hukumar ta jaddada a 2023 cewa duk kyautar kirifto da ta wuce dala 5,000 sai an kawo ƙwararren mai ƙiyasta daraja, farashin da ke jikin allon kasuwar musaya bai wadatar ba. Idan kuma ƙungiyar ta sayar da kyautar cikin shekara uku, dole ta sanar da hukumar nawa ta samu.

Me ya sa farashin allo bai isa ba? A watan Mayun 2021 Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin masu haɗa Ethereum, ya ba wani asusun agajin korona na Indiya token na Shiba Inu guda tiriliyan 50, wanda a kan allo ya kai kusan dala biliyan ɗaya. Babu wanda ya zarge shi da zamba. Amma ba a iya sayar da wannan adadi a wannan farashi, kasuwar ba ta da zurfin ɗaukarsa, kuma labarin kyautar kansa ya sa farashin ya faɗi. Abin da asusun ya samu a ƙarshe bai kai rabin adadin da aka yi ta yayatawa ba, sannan ga dokar Indiya mai tsauri kan karɓar gudummawa daga waje. Idan haka ta faru da kyautar gaskiya, sai a ƙiyasta abin da mai mugun nufi zai yi: ya ƙirƙiri token, ya yi ciniki da kansa har farashi ya hau, ya ba gidauniyar da shi ya kafa, ya nemi rangwamen haraji a kan iska.

Sanin mai bayarwa shi ne ɗaya wurin da ake tuntuɓe. Kyautar ɓoye ba laifi ba ce. A ƙarshen 2017 wani da bai bayyana kansa ba ya kafa Pineapple Fund, ya raba bitcoin na kimanin dala miliyan 55 ga ƙungiyoyi 60, kuma an amfana. Sai dai dokar takunkumi ta Amurka ba ta tambayar niyya. Idan kuɗi sun fito daga adireshin da ke cikin jerin waɗanda aka haramta, mai karɓa na iya shiga matsala ko bai sani ba, kuma lalitar kirifto ba ta da hanyar ƙin karɓar abin da aka turo mata. A Ingila, ƙa'ida ita ce amintattu su kai rahoto ga hukuma idan sun sami kyautar fam 25,000 ko fiye da ba su iya tantance tushenta ba. Manhajar Tornado Cash, mai cakuɗa kuɗi don a ɓatar da sawu, ta nuna yadda abin ke da fuska biyu. Amurka ta sa mata takunkumi a Agustan 2022 saboda masu kutse na Koriya ta Arewa sun wanke kuɗi da ita. Buterin ya fito ya ce shi ma ya yi amfani da ita, don ya ba Yukren taimako ba tare da ya jefa masu karɓa cikin haɗari ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnati ta wuce gona da iri, aka janye takunkumin a Maris na 2025.

Yawancin ƙungiyoyi masu hankali sun zaɓi hanya mafi sauƙi: su bar wani kamfani mai lasisi ya karɓa, ya tantance, ya canza zuwa kuɗin gwamnati nan take. Waɗanda suka zaɓi riƙe kirifton da kansu, kamar asusun da UNICEF ta buɗe a 2019, sai sun amsa tambayar mabuɗi. A banki ana iya cewa sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi. A kirifto ma akwai lalita mai bukatar mabuɗai da yawa, a ce uku cikin biyar. Amma idan mabuɗai ukun duk suna cikin kwamfutar mutum ɗaya, ko masu riƙe da su duk yaransa ne, to sunan tsaro kawai aka yi, kuma kundin ba zai nuna wannan ba.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa bulokcen zai kawo ƙarshen cin amanar kuɗin agaji. Gaskiya ne yana taimaka wa masu bincike. A watan Agustan 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da kwace asusun kirifto sama da 300 na ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, ciki har da wasu masu alaƙa da al-Qa'ida a Siriya da ke neman bitcoin a Telegram da sunan agaji. Sawun da kuɗin suka bari ne ya tona su. Amma kundin yana nuna cewa kuɗi sun tashi daga wannan adireshi zuwa wancan ne kawai. Ba ya faɗin na wane ne adireshin, ba ya faɗin ko an sayi maganin, ba ya faɗin alkawarin da aka yi wa mai bayarwa. Da zarar kuɗin sun shiga kasuwar musaya kuwa, sawun ya koma cikin littattafan kamfani, sai da sammacin kotu. Bitcoin ɗin Luna kowa ya gan su suna fita daga lalita. Abin da aka yi da su bayan sun isa kasuwa, sai da aka jira rahoton da ita gidauniyar ta ɗauki masu bincike suka rubuta.

A matakin duniya, hukumar FATF mai zama a Paris ita ke tsara ma'aunin yaƙi da halasta kuɗin haram. Shawararta ta 15, tun 2019, ta wajabta wa kamfanonin kirifto sanin abokan cinikinsu da kuma tura bayanin mai aikawa da mai karɓa tare da kuɗin. Shawararta ta 8 kuma ta shafi ƙungiyoyin agaji, kuma tana da tarihi mara daɗi. Rubutunta na farko bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ya nuna ɓangaren gaba ɗaya a matsayin mai rauni ga 'yan ta'adda, bankuna suka tsorata suka rinƙa rufe asusun ƙungiyoyin da ke aiki a wuraren yaƙi, wasu gwamnatoci kuma suka sami sandar dukan masu sukarsu. An gyara ta a 2016, aka sake gyarawa a 2023. Abin takaicin shi ne ƙungiyar da banki ya kora ita ce ta fi saurin komawa kirifto don ta kai taimako, komawar kuma sai ta ƙara sa a yi mata kallon zargi.

Wa ke da alhakin kama mai laifi? A Amurka aikin a warwatse yake. IRS ke ba da matsayin yafe haraji, amma tun da ta fito da gajeren fom na ƙananan ƙungiyoyi a 2014 tantancewar ta yi sako-sako, har aka gano a 2022 cewa ta amince da ƙungiyoyin bogi 76 masu amfani da akwatin gidan waya ɗaya a New York. Antoni janar na jihohi su ne ainihin masu sa ido kan dukiyar agaji, sai dai ofisoshinsu na wannan aiki ƙanana ne, kuma lauyan da ya ƙware a dokar amana ba lallai ya iya bin sawun kuɗi a bulokcen ba. SEC da takwararta CFTC, mai kula da kasuwar cinikin kayayyaki, sun san kirifto, amma jari da kasuwa suke kallo. Gidauniyar da ke tsibiran Cayman ko Panama kuwa ta fita daga hannun dukkansu, sai idan ta taɓa Ba'amurke.

Daga 2025 kuma iska ta juya. SEC ta janye ƙararta a kan Coinbase da wasu manyan kamfanoni. A watan Afrilu ma'aikatar shari'a ta rusa rukuninta na musamman kan laifukan kirifto, ta ce za ta mayar da hankali kan masu damfarar jama'a da masu ɗaukar nauyin ta'addanci, ta daina bin kamfanoni kan laifin rashin rajista. Ana iya fahimtar hujjar, domin an daɗe ana kukan cewa hukumomi na kafa doka ta hanyar kai ƙara maimakon su rubuta ta kowa ya gani. Amma rajista ita ce abin da ke tilasta wa mai tara kuɗi ya bayyana wa ke iko da me tun kafin a zuba. Shari'ar zamba, komai kyawunta, ihu ne bayan hari. Tarayyar Turai ta bi ɗaya hanyar da dokarta ta MiCA, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen Disamban 2024, inda ake bukatar lasisi da takardar bayani kafin sayarwa, ko da yake ta bar tsarin da ba shi da shugaba kwata-kwata a waje.

Wannan giɓin na ƙarshe shi ake cikewa yanzu. A 2023 wata kotun tarayya ta amince da hujjar CFTC cewa Ooki DAO, taron masu token da ke yanke shawara ta ƙuri'a a intanet, ƙungiya ce da za a iya kai ƙara, aka ci ta tarar sama da dala 640,000. Hankalin masu irin wannan taro ya tashi, domin idan babu rajista kowane mai ƙuri'a na iya ɗaukar bashin taron a wuyansa. Jihar Wyoming ta amsa da wata doka da ta fara aiki a Yulin 2024, wadda ta ba taron da ya kai mutum 100 damar zama ƙungiyar da ba ta neman riba, mai iya mallakar dukiya, shiga yarjejeniya, biyan haraji da tsayawa gaban kotu, ba tare da bashinta ya hau kan mambobi ba. Dokar ta hana raba riba ga mambobi. Ta kuma halatta biyan lada daidai gwargwado ga duk wanda ya yi wa ƙungiyar aiki. A taron da mutum biyar ke riƙe da yawancin ƙuri'u, su biyar ɗin ne za su zaɓi abin da ake kira daidai gwargwado, kuma su za a biya.